Sararin Sama Ma Yana da Mararraba

Gaisuwa ga mutanen Dapoya da na kasuwar Sankaryare, da 'yan'uwanmu na tsohuwar Zangwetin da suka watsu cikin Wagadugu, da duk wanda muryar nan ta iske a bakin rumfarsa ko a kan hanya.

Shekaranjiya da safe ina zaune a teburin mai shayin layinmu, sai ƙarar jirgi ta ratsa sama. Kun san yadda garin nan yake. Filin jirgi a tsakiyar gari yake, sansanin sojan sama na 511 yana jikinsa, har yaro ƙarami yana iya bambance kukan jirgin fasinja da na jirgin soja. Kowa ya ɗaga kai, aka yi musu addu'ar Allah ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya. Daga nan hira ta gangara kan wani matuƙin soja na wata ƙasa maƙwabciya da ya rasu wajen atisaye. Sai wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma ai wannan ba a yaƙi ya mutu ba, haɗari ne kawai." Na ce, "Baba, ka ba ni izini in kai maganar nan rediyo, don zuciyata ba ta karɓe ta ba." Ya ce in kai. To, ga shi na kawo.

Abin da na yi imani da shi shi ne, yaƙi yana da baki biyu da yake cin matuƙin jirgi da su. Ɗaya kowa ya san shi: harbi daga ƙasa ko daga sama. Ɗayan kuwa ba a cika maganarsa ba, shi ne gaggawa. Ƙasar da wuta ta kama takan so matuƙa yau-yau, ta so jirage su tashi ko da rana ko da dare, ta taƙaita karatun da ba ya taƙaituwa. Wanda wannan bakin ya ci, yaƙi ne ya ci shi, ko da har ya koma ga Allah bai taɓa haɗa ido da abokin gaba ba.

Bari in ba ku lissafi. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga Disamban 1941 zuwa Agustan 1945, rundunar sojan saman Amurka ta yi haɗarin jirgi fiye da 52,000 a cikin ƙasar Amurka kanta, inda babu mai harbin kowa. Mutum kusan 15,000 suka rasu. Ku sake saurara: kusan 15,000, a gida, yawancinsu samari da ake koya wa tuƙi da malaman da ke koya musu. A Ingila, rundunar jiragen jefa bama-bamai ta rasa mutum 55,573 a yaƙin, kuma fiye da 8,000 daga cikinsu wajen horo da haɗurra suka tafi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An tara ɗaruruwan sababbin hannu a sarari ɗaya. Jiragen da suka gaji a fagen fama su ake turo wa 'yan koyo. Ana tashi cikin hazo da duhu saboda yaƙi ba ya jiran gari ya waye. Jamus da Japan kuma, da mai ya yi musu ƙaranci a ƙarshen yaƙin, sai suka rage wa 'yan koyo sa'o'in tashi, suka riƙa tura yaran da ba su nuna ba, aka yi ta asararsu.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne can nesa. Daga watan Satumban 1940, Ingilishi sun riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana, a harhaɗa su, a tashe su zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami, Khartum, har Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. A ayari ake tafiya kamar fataken da, babban jirgi mai masanin hanya a gaba shi ne madugu, ƙanana na biye da shi. Wanda ƙurar hunturu ta raba shi da madugu, sau da yawa sai dai a tsinci tarkacensa a daji. Kakanninmu a Kano sun ga wannan ayari da idonsu.

Amma labarin da nake so mu zauna a kansa yau ya fi wannan kusa, a zamani da kuma a ƙasa.

Ranar 25 ga Nuwamban 2019, bayan magariba, a yankin Liptako ɓangaren Mali, kudu da Indelimane. Liptako ba baƙon suna ba ne gare mu, mutanen Dori sun san shi tun kaka da kakanni. Sojojin Faransa na rundunar Barkan suna bin sawun wasu 'yan bindiga a ƙasa, suka nemi agaji daga sama. Aka turo jirage masu saukar ungulu, har da samfurin Tigre na kai farmaki, da samfurin Cougar mai ɗauke da dakaru. Dare ne marar wata, baƙi ƙirin. Tigre ɗaya da Cougar suka yi karo a sama. Mutum 13 suka mutu nan take, babu wanda ya fita. Tun harin Beirut na 1983 sojan Faransa bai yi asarar rai irin wannan a fagen fama a rana ɗaya ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma na ji shi a zuciyata ni ma. Makonni uku kafin nan, a farkon watan, an kashe sojojin Mali kusan 50 a sansanin Indelimane ɗin nan, kuma duniya ba ta girgiza ba kamar yadda ta girgiza kan mutum 13. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Sojojin Faransa sun bar ƙasar nan tun Fabrairun 2023, kowa da ra'ayinsa kan zamansu da tafiyarsu. Ba wannan ya kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne takardar da ofishin binciken haɗurran jiragen gwamnatin Faransa ya fitar a Janairun 2021, aka baza ta kowa ya karanta. Darasin da ke cikinta ba shi da ƙabila.

Binciken ya nuna ba harbo su aka yi ba, kuma ba inji ne ya lalace ba. Jiragen lafiyarsu ƙalau, matuƙan kuma horarru ne. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya ga ɗan'uwansa. Kowane ɗayansu yana zaton ɗayan yana wani wuri daban. Rediyon da ke kunnensu ta cika da maganganu, na ƙasa na magana, na sama na magana, hankali duk ya tafi kan abokin gaba da ke ƙasa. Gajeriyar maganar da ke tsare rai, wato "ga ni a wuri kaza, tsayi kaza, na nufi gabas," ita ce ba ta fita yadda ya kamata ba, ko ta fita ba a kama ta ba.

Duk mai tuƙa moto a garin nan ya san wannan abu. Wani dare da wuta ta ɗauke, na iso wata mararraba a nan Dapoya, fitilar hanya a mace. Na hango wani yana tahowa daga dama, na ce a raina ai ya gan ni. Shi ma ashe abin da ya ce a ransa ke nan. Allah ya kiyaye, guiwa kawai na kurje. Amma mu muna da birki, muna da ƙasa da za mu sa ƙafa. A sama babu ko ɗaya.

Ku bari in ɗan buɗe muku yadda ido ke yaudarar matuƙi, don mutane da yawa na mamaki: sama da faɗinta, yaya jirage biyu za su rasa wurin wucewa? Abu na farko, jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashinka. Wanda zai wuce ta gabanka ko ta bayanka, za ka gan shi yana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, ido kuwa motsi yake kamawa. Amma wanda hanyarku za ta haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, tsaye yake cak a waje guda kamar ɗigon kashin ƙuda a jikin gilashi, yana girma a hankali, a hankali, sai a daƙiƙar ƙarshe ya cika maka fuska. Abu na biyu, gudu. In jirage biyu suka fuskanci juna kowanne na gudun kilomita 700 a sa'a, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kusan mita 390 a kowace daƙiƙa. Masana harkar jirage sun ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango abu, ya gane jirgi ne, ya gane karo za a yi, ya yanke shawara, ya juya, jirgin ya amsa masa, ana bukatar kimanin daƙiƙa 12 da rabi. Ku lissafa, kusan kilomita 5 ke nan. Sai ka hango ɗigon nan tun yana nesa haka kafin ka tsira.

Da dare kuma abin ya fi muni. Tabaran ganin dare da matuƙan soja ke sawa suna nuna musu kusurwa kimanin digiri 40 ne kawai, alhali idon mutum yana ɗaukar kusan 180. Kamar mai leƙe ta cikin bututu ne, abin da ke gefensa sai ya juya kai ɗungurungum. Jirgin fasinja yana da na'urar da ke yi wa matuƙi ihu in wani jirgi ya kusanto, ta ce masa ya hau ko ya sauka. Jirgin yaƙi kuwa a fagen fama yakan kashe fitilunsa don kada na ƙasa ya gan shi. Abin da ya ɓoye shi daga abokin gaba, shi ya ɓoye shi daga ɗan'uwansa. Me ya rage ke nan? Horo, da tsarin da aka yi yarjejeniya a kai tun a ƙasa, cewa kai ka tsaya a wannan tsayi ni in tsaya a wancan, da kuma harshe.

Kuma kada mu ɗauka sabon hannu kaɗai abin ke ci. Ranar 25 ga Agustan 2023, a yankin Jitomir na ƙasar Yukiren, ana tsakiyar yaƙi da Rasha, jiragen horo biyu samfurin L-39 suka yi karo a sama. Matuƙa uku suka rasu, cikinsu har da Andriy Pilshchikov, wanda ya kare sararin birnin Kiyef a farkon yaƙin, ya kuma yi ta fafutukar a ba ƙasarsa jiragen F-16. Makamai masu linzami ba su same shi ba, sai karo a sararin gida. Wannan L-39 ɗin ba baƙonmu ba ne. Shi ne jirgin da sojan saman Najeriya ya daɗe yana koyar da matuƙan yaƙi da shi a makarantarsa ta Kano, kuma irinsa Mali ta karɓa daga Rasha a Agustan 2022.

Mu dawo gida sosai. Ranar 19 ga Afrilun 2022, ƙaramin jirgin koyo samfurin Super Mushshak ya faɗi a sansanin sojan sama na Kaduna. Hafsoshi biyu suka rasu, Abubakar Alkali da Elijah Karatu. A irin wannan jirgi kujerun biyu kafaɗa da kafaɗa suke, haka suka zauna, haka suka tafi. Ranar 26 ga Disamban wannan shekara, a Yamai, jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-17 ya faɗi yana ƙoƙarin sauka bayan ya dawo daga atisaye. Mutum uku suka rasu, sojojin Nijar biyu da malaminsu ɗan ƙasar waje. Me ya sa waɗannan mutane suke sama a ranar? Saboda ƙasashensu na yaƙi, kuma ana jiran su a Barno, a Zamfara, a Tilaberi.

Akwai guda ɗaya da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. Ranar Juma'a 28 ga Satumban 2018, jiragen yaƙi biyu samfurin F-7 na Najeriya suka gogi juna a sararin Abuja, suka faɗi wajen tsaunin Katampe. Matuƙa uku suka cilla kansu waje da laima, biyu suka rayu, hafsa Bello Baba-Ari ya rasu. Gwajin faretin bikin cika shekara 58 da samun 'yancin kai suke yi. Tashi a jere, fiffike kusa da fiffike, yana daga cikin mafi haɗarin abin da matuƙi ke yi, don na biye ba ya kallon komai sai jirgin jagoransa, 'yan mitoci ne tsakaninsu. Na san yana cikin horon soja, kuma na san fareti na ƙarfafa zuciyar jama'a. Duk da haka ra'ayina shi ne, ƙasar da ke yaƙi, wadda matuƙan jiragen yaƙinta ƙidayayyu ne, ta yi dogon tunani kafin ta sa su a wannan haɗari don kallo. Shekaru ake yi kafin a samu mutum ɗaya irinsa.

To, me ya sa nake wannan magana a Wagadugu, a yau? Saboda sararin Liptako bai zama fanko ba. 'Ya'yanmu ne a cikinsa yanzu. Ranar 16 ga Satumban 2023 Burkina Faso da Mali da Nijar suka sa hannu a yarjejeniyar da aka raɗa wa sunan Liptako-Gurma, daga baya kuma suka amince da rundunar haɗin guiwa. Ma'ana, jiragen ƙasashe uku za su riƙa aiki a sarari ɗaya. Ga masu saukar ungulu, ga jiragen farmaki irin Super Tucano, ga kuma jirage marasa matuƙi na Turkiyya irin Bayraktar, waɗanda mai sarrafa su yana zaune a ɗaki can nesa, idon na'urarsa na kallon ƙasa, ba ya ganin abin da ke gefensa. Jiragen daga ƙasashe daban-daban aka sayo su, matuƙan a makarantu daban-daban suka yi karatu, kowa da salon da malaminsa ya koya masa. In rundunar da ta fi mu kuɗi da kayan aiki ta rasa mutum 13 saboda maganar rediyo ta cakuɗe, to gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta, sai mu nemi ruwa.

Roƙona ga shugabannin sojanmu, cikin girmamawa, shi ne kada a ga man da ɗan koyo ya ƙona yana kewaya fili a ce asara ce. Hannun matuƙi kamar haddar almajiri yake, in ba a tilawa sai ta zube. Na'urar kwaikwayon tuƙi da ake ajiyewa a ɗaki, inda yaro zai faɗi sau ɗari ya tashi ya sha ruwa, ba ta fitowa a fareti, ba wanda zai tafa mata, amma a ganina ta cancanci kuɗi kafin a ƙara sabon jirgi. Sannan matuƙan ƙasashen nan uku su zauna ɗaki ɗaya, su daidaita kalmominsu, su yi atisaye tare da rana kafin a tura su tare da dare.

Sai maganar da ta fi nauyi. In haɗari ya faru, a bincika, kuma a faɗi abin da aka gano. Na yarda akwai sirrin soja, ba na neman a gaya mana inda jirgi ya nufa ko abin da ya ɗauka. Amma ko injin ne, ko gajiya ce, ko umarni ne ya saɓa, wannan haƙƙin matuƙan da suka rage ne su sani, haƙƙin uwar mamaci ne da matarsa. Wani zai ce ƙaddara ce. Na'am, mun yi imani da ƙaddara, babu mai wuce ranarsa. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana mu saki raƙumi ba ɗauri mu ce mun yi tawakkali ba. In aka rufe bakin bincike da kalmar ƙaddara, ramin da ya ci na farko yana nan buɗe yana jiran na biyu.

Mu da ke ƙasa ma muna da kaso a ciki. A Afrilun 2023 jirgin sojan Mali mai saukar ungulu ya faɗi cikin unguwar Misabugu a Bamako, sojoji uku suka rasu, mutanen gari suka ji rauni. Ranar 21 ga Yulin 2025, a Dhaka ta Bangaladash, jirgin F-7 da ke atisaye ya faɗa kan wata makaranta, fiye da mutum 30 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Waɗanda suka zauna Zangwetin kafin a tashe ta a 2003 sun san yadda kwanon ɗaki ke rawa in jirgi zai tashi. Shi ya sa nake ɗokin ranar da sabon filin jirgi na Donsin, kimanin kilomita 35 daga nan, zai fara aiki, kuma nake fatan duk atisayen da za a iya yi nesa da rufin mutane a yi shi can.

Baba, na san kana saurare, rediyonka ba ta barin gefen tabarmarka. Ka ce haɗari ne kawai. Ni kuma na ce yaron nan da ya faɗi a bayan filin koyo, da ba don yaƙi ba wataƙila da yanzu yana gida yana aikin gona ko yana tuƙa jirgin alhazai. Uwarsa ba ta yi kukan da ya gaza na uwar wanda aka harbo ba. Abin da nake roƙonka, kai da ke ja mana addu'a bayan sallar asuba, in ka zo kan sojojin da suka kwanta dama, ka sa da su Bello Baba-Ari da Abubakar Alkali, da na Yamai, da namu na nan da ba mu san sunayensu ba. Gobe da safe zan zo teburin shayi in ji amsarka.